Lokacin da Teku ke Tsaron Kifinsa: Waiwaye kan Kamun Bazara a Lofoten

A watannin da muke kira bazara, lokacin da rana ke gasa ƙasar Hausa, rijiyoyi suna ja da baya, manoma suna sharar gona suna ɗaga kai gabas ko za su hango hadari, mutanen can ƙuryar arewacin Turai fitowa suke yi daga cikin hunturu. A tsibiran Lofoten na ƙasar Norwe, inda rana ke ɓacewa ɗungurungum na kusan wata guda daga Disamba zuwa farkon Janairu, dawowar haske tana zuwa ne tare da baƙon da ya fi kowane baƙo daraja a wurinsu. Manyan kifayen kod ne da suka girma a Tekun Barents, suke keto ruwa tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kudu domin su zuba ƙwai a gaɓar da aka ƙyanƙyashe su. Mutanen wurin suna kiran wannan kifi skrei, kalmar da asalinta ke nufin matafiyi. Yana fara isowa a Janairu, ya cika ruwa a Maris, kafin Afrilu ya fita ya juya inda ya fito. Wannan kaka ta 'yan watanni ita ta riƙe arewacin Norwe kusan shekara dubu, kuma ba baƙuwa ba ce a tukwanen Najeriya, domin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kasawa a Aba da Legas da Sabon Garin Kano, wanda Ibo ke kira okporoko, da yawansa daga can yake fitowa, musamman kawunan. Wanda ya waiwayi yadda kamun wannan kifi ya sauya cikin shekara 150 zai ga abu guda ya fito fili. A da, teku da kansa ke yi wa masunci iyaka. Kowace sabuwar dabara ta rushe wani sashe na wannan katanga, kuma kifi bai saura ba sai a inda mutane suka gina wata katangar da hannunsu kafin tsohuwar ta gama zubewa.

Sai a fara da yadda aikin yake a zamanin filafili da tanti, domin ba a sanin girman canji sai an san inda aka baro. Masuncin Lofoten yana fita ne cikin buɗaɗɗen jirgin katako, mutum biyar ko shida, ƙarƙashin jagoran da aka zaɓa saboda sanin ruwa. Iliminsa duka na karanta alamu ne. Yana gane wurin kamu ta hanyar saita ƙololuwar wani dutse da wani a bakin gaɓa, kuma irin wannan sani gado ne da uba ke bar wa ɗa. Yana lura da tsuntsayen teku, da launin ruwa, da inda iska ta kwana. Daga baya masu bincike suka gano dalilin abin da masunta suka daɗe da sani a aikace: a mashigin Vestfjord akwai ruwan gaɓa mai sanyi a sama, da ruwan Atilantika mai ɗan ɗumi da gishiri a ƙasa, kifin kuwa yana tsayawa ne a mahaɗarsu, inda sanyin yake tsakanin digiri 4 zuwa 6. Iska tana ɗaga wannan mahaɗa ko ta nutsar da ita, don haka kifin da ke kusa da gaɓa jiya yana iya komawa can cikin zurfi yau. Kayan kamun ma kowanne da lokacinsa. Akwai mai fatsa da ke jan zare da hannu, akwai mai mamari da ke shimfiɗa doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, akwai mai kalli da ke kafa raga ta kwana. Kifin da ya iso da ƙiba, hankalinsa na kan zuba ƙwai, ba ya kula abincin ƙugiya sosai, sai raga ta fi cin kasuwa. In ya sauke nauyi yunwa ta kama shi, sai mai mamari ya dara. Har shanyar kifin a kan rumfunan katako lissafin lokaci ne: a rataye da wuri, ƙanƙara ta farfasa tsokar, a makara, ɗumi ya kawo ƙuda.

Abin lura shi ne yadda yanayin bazarar can, mai saurin juyawa, ya zama mai gadin kifin ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ranakun da iska ta hana fita suna da yawa, sai jirage su kwana a ɗaure, maza su zauna cikin bukkoki suna gyaran raga. A farkon kakar yini gajere ne. Jirgin filafili ba ya nisa da tudu, kuma abin da hannu zai iya ja da abin da ƙaramin jirgi zai iya ɗauka duk suna da iyaka. Mafi muhimmanci, masunci yana jiran kifi ne ya zo masa. Shekarun da kifin ya yi yana girma a Tekun Barents da wuya a taɓa shi, sai ya balaga ya kawo kansa. Da wannan tsari aka yi ƙarni bayan ƙarni ana ɗiba ba a ƙarar ba. Tun wajen shekarar 1120 Sarki Eystein ya sa aka gina wa masunta bukkoki a Vågan. Busasshen kifin ya gina birnin Bergen, inda fataken Jamus suka kafa sansaninsu na ciniki a ƙarni na 14. A 1432 teku ya jefo wani ɗan kasuwar Venice ta Italiya mai suna Pietro Querini tsibirin Røst bayan jirginsa ya lalace, ya koma gida da busasshen kifin, kuma har yau Italiya ce babbar kasuwar mafi kyawunsa. A shekarun 1890 masunta wajen 30,000 ke taruwa a Lofoten kowace kaka. Taron ya kai haka, amma kifin bai ƙare ba, domin duk yawansu ba su iya ƙetare katangar da iska da duhu da ƙarfin dantse suka gina.

Cikin shekara hamsin katangar ta zube sashe-sashe. Injin ya shiga jiragen masunta a farkon ƙarni na 20, ya rage ikon iska a kansu. A 1935 wani masani ɗan Norwe, Oscar Sund, ya nuna cewa na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amonsa tana iya zana garken kod a Vestfjord, daga nan zurfin teku ya daina zama rufin asirin kifi. A shekarun 1950 ragar nailan ta maye gurbin ta auduga da rama: ba ta ruɓewa, kifi ba ya ganinta sosai, kamunta ya ninka. Rediyo ya kawo hasashen yanayi, daga baya tauraron ɗan'adam ya sa mai jirgi yana komawa daidai inda ya samu kifi jiya ba sai ya dubi dutse ba. Amma canjin da ya fi kowanne nauyi ya faru ne nesa da idon mutanen Lofoten. Manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku, na Ingila da Jamus da Tarayyar Sobiyet da Norwe kanta, sun bi kifin har makiyayarsa a Tekun Barents, suna kwasar ƙanana tun ba su taɓa zuba ƙwai ba. An daina jiran kifi, an koma farautarsa shekara zagaye. A 1947 Lofoten ta yi kamun da ba ta taɓa yin irinsa ba, tan kusan 146,000. Bayan shekara arba'in, a ƙarshen shekarun 1980, abin da ake samu bai fi 'yan dubban tan ba, rumfunan shanya da yawa suka tsaya fayau.

Domin a ga inda wannan hanya ke kaiwa in ba a tare ta ba, ba sai an yi nisa ba. A gaɓar Norwe akwai wani kifin bazarar, jinsin shawa da ke zuba ƙwai a Fabrairu da Maris, wanda a tsakiyar ƙarnin da ya wuce yake cikin garkunan kifi mafi girma a duniya. Da aka haɗa na'urar gano kifi da ragar zobe ta nailan da injin da ke janyo ragar, jiragen Norwe da Iceland da Tarayyar Sobiyet suka kwashi tan kusan miliyan 2 a shekarar 1966 kaɗai, babba da yaro, ana niƙa da yawansa a yi garin abincin dabbobi da mai. Kafin 1970 garken ya kusa ɓacewa. Garuruwan da suka ginu a kansa, irin su Siglufjörður a Iceland, suka durƙushe, kuma sai da aka kusa shekara ashirin ana kame hannu, aka kuma dace da haihuwa mai albarka a 1983, sannan ya farfaɗo. A Newfoundland ta Kanada abin ya fi muni. An kama tan wajen 800,000 na kod a 1968, a Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi, kuma ba a ɗage dokar ba sai 2024. Akwai darasi mai zurfi a labarin Kanada. Masuntan bakin gaɓa sun yi ta kuka tun shekarun 1980 cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance, amma manyan jirage suna dawowa maƙil, domin na'ura tana kai su kan ragowar garken duk inda ya dunƙule. Gwanintar kamu ta rufe wa hukuma ido. Matuƙar dabara ta kai wani matsayi, cikar jirgi ta daina zama shaidar cewa akwai kifi a ruwa.

To me ya sa kod ɗin Lofoten bai bi sahun waɗannan ba? Amsar tana cikin wata tsohuwar al'ada ta wurin, wato sabawa da doka a kan ruwa. Cunkoson dubban jirage a ƙaramin fili ya tilasta musu tun da wuri. Dokar 1816 ta rarraba teku ga ƙauyuka, abin da ya ƙara wa masu filayen gaɓa ƙarfi a kan talakan masunci. Dokar 1857 ta buɗe ruwa ga kowa, ta kuma kafa jami'an gwamnati masu sa ido a duk tsawon kakar. Dokar 1897 ta ba masunta da kansu ikon zaɓar wakilan da za su raba ruwa tsakanin masu raga da masu mamari. A wancan zamanin babu mai barin gaɓa da safe sai an ba da alamar fita, kuma ana hutar da ruwa ranar Lahadi. A Maris na 1890 aka yi rigimar da har yau ake tunawa da ita a mashigin Trollfjord, inda masu jiragen tururi suka datse bakin mashigin da raga suka killace kifin, masu ƙananan jirage suka far musu, kuma ba a jima ba majalisar ƙasar ta haramta irin wannan raga a Lofoten. A shekarun 1950 an gwada ragar zobe a kan kod mai zuba ƙwai, aka ga irin kwasar da take yi, aka hana ta kafin shekarun su ƙare. Al'ummar da ta yi ƙarni guda tana jiran alama kafin ta saki igiyar jirgi ta riga ta koyi cewa iya yin abu daban yake da samun izinin yinsa.

Wannan tarbiyya ce ta ba da damar abin da ya biyo baya. A 1975, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Norwe da Tarayyar Sobiyet suka kafa hukumar haɗin gwiwa da ke zama kowace shekara ta yanke adadin da za a kama a Tekun Barents. A 1977 ƙasashen suka faɗaɗa ikonsu a kan ruwa zuwa mil 200, wanda ya ba su damar korar mai shigowa ba izini. A 1987 Norwe ta haramta zubar da kod ɗin da aka kama a mayar da shi teku matacce, domin kifin da ba a ƙirga ba yana ɓata lissafin kowa. Da abin ya yi tsanani, a ranar 18 ga Afrilun 1989 hukuma ta tsayar da kamun masuntan gaɓa ana cikin kaka, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma a 1990 aka sauko da jimillar kamun zuwa tan 160,000, aka yanka wa kowane jirgi rabonsa. Ƙauyukan arewa sun ji jiki matuƙa. Amma bambancin Norwe da Kanada bai wuce na 'yan shekaru ba: ɗaya ta ja linzami da sauran kifi a ruwa, ɗaya ta ja bayan ya ƙare. A 2013 garken ya yi ƙarfin da aka yanke kamun tan miliyan 1, mafi girma a tarihin hukumar.

Mai ja da wannan magana zai iya cewa an ba ɗan'adam girman da bai kai ba, domin kifi yana yawa yana raguwa tun kafin a ƙera injin. Gaskiya ne, kuma a Lofoten ɗin aka fara gane dalili. A shekarun 1860 Georg Ossian Sars ya gano cewa ƙwan kod yana yawo ne a saman ruwa, iska da igiya suna kai shi inda suka ga dama. A 1914 Johan Hjort ya nuna cewa haihuwar wata shekara tana iya ninka ta wata sau da yawa, kuma makomar 'ya'yan kifin tana rataye ne a 'yan kwanakin farko: in sun ƙyanƙyashe daidai lokacin da hasken bazara ya tayar da ƙananan halittun da suke ci, sai su rayu, in an samu saɓani, sai yunwa ta kwashe su. Babu dokar da ke iya gyara wannan. Sai dai wannan hujja, in aka bi ta zuwa ƙarshe, goyon bayan kame hannu take yi. Manomin da ya san damina ba ta da tabbas shi ya fi kowa bukatar rumbu. Rumbun teku kuwa shi ne tsofaffin kifaye: babbar mace tana zuba miliyoyin ƙwai, masu girma da ƙwari, kuma garke mai shekaru daban-daban yana zuba ƙwai a tsawon lokaci da faɗin wuri, ta yadda ko wasu sun kuskure wasu za su dace. Kamu mai tsanani yana fara cinye waɗannan tsofaffin. A shekarun 1940 skrei yana kai wajen shekara goma kafin ya fara zuwa Lofoten, a 'yan shekarun nan kuwa yana zuwa tun yana da wajen bakwai. Garken da aka mayar na matasa zalla yana iya jure shekara ɗaya mara kyau, amma uku a jere sai ta kayar da shi.

Wani kuma zai ce ana yi wa dokokin da ado ne kawai, domin masuntan Trollfjord abincinsu suke karewa, ba kifi ba, kuma ƙyamar sabon kaya tsohuwar ɗabi'a ce: masu fatsa sun ƙi raga da mamari lokacin da suka shigo, an kuma yi wa injin irin wannan tarba. Wannan ma akwai gaskiya a cikinsa, kuma babu mai hankalin da zai yi begen zamanin buɗaɗɗen jirgi. A Fabrairun 1849 guguwa ɗaya ta hallaka ɗaruruwan masunta a Lofoten cikin yini guda, kuma kowace kaka tana barin zawarawa da marayu. Injin da rediyo da hasashen yanayi rahama ne. Maganar a nan ba ta komawa baya ba ce. Abin da ake cewa shi ne, hatsarin da ke kashe masunci shi ne kuma ke ba kifi hutu, don haka wanda ya kawar da hatsarin, ya kuma kyauta da ya yi hakan, ya ɗauki nauyin samar wa kifin hutun ta wata hanya. Game da niyyar mutanen da kuwa, ko da neman adalci a tsakaninsu ne ya sa su yin doka, abin da suka bari ya fi niyyarsu amfani: sun bar jami'an sa ido da ake girmamawa, da rubutaccen lissafin kamu na kowace kaka tun ƙarni na 19, da yarda cewa ruwa na kowa ne don haka ba na mai ƙarfi ba ne. Da ranar tsanani ta zo a 1989, ba a fafe gora ranar tafiya ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rabo. Tun da aka yanka wa kowane jirgi kasonsa, kason ya zama dukiya, ana sayen jirgi domin kasonsa, ana haɗa kaso biyu ko uku a jirgi ɗaya. Farashinsa ya hau inda saurayin da ba shi da gado ko jari ba zai iya shiga sana'ar ubansa ba. Inda mutum 30,000 ke taruwa, yau 'yan dubbai ne, kuma masunta masu rajista a duk faɗin Norwe ba su kai rabin taron Lofoten na da ba. Bukkokin masunta da yawa sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido. Ko ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto a 2020 yana nuna cewa kaso ya taru a hannun 'yan ƙalilan kuma ƙauyuka da dama sun yi asara. Wannan kuka na gaskiya ne, bai kamata a share shi ba. Amma tambayoyi biyu ne a nan: nawa za a kama, kuma wa zai kama. Kuskure a ta biyu ana gyara shi a majalisa, kuma Norwe tana da kayan gyaran, domin dokarta ta 2008 ta ce albarkatun teku na al'ummar ƙasa ne baki ɗaya, akwai ƙa'idar cewa masunci mai aiki ne zai mallaki jirgin kamu, akwai kuma tsarin da ke ƙara wa jiragen gaɓa kaso a shekarun da jimillar ta yi ƙasa. Kuskure a ta farko kuwa babu majalisar da ke gyara shi. Mutanen Newfoundland ba su samu abin da za su yi gardamar rabonsa ba har shekara 32.

Akwai kuma mai cewa, in dai tausayin kifi ake yi, me zai hana a rufe kamun bazarar gaba ɗaya, tunda kifi mai ciki ake kamawa? A ido wannan ya yi kama da hankali, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Kifin da aka kashe a Oktoba yana ɗan shekara uku shi ma ba zai zuba ƙwai ba, kuma an kashe shi tun bai yi nauyi ba, tun bai haihu ko sau ɗaya ba. Tan guda na manyan skrei rayuka kaɗan ne in aka kwatanta da tan guda na ƙanana. Kamun da ake yi a bakin gaɓa, da ƙananan jirage, a kan kifin da ya kawo kansa, ya fi ƙarancin cin mai, ya kuma bar aikin gyara da shanya a ƙauyuka, inda har yara ke samun kuɗi ta hanyar yanke harsunan kifin. Abin da ke halatta wannan kamu shi ne a bar iri isasshe. Manomi yana cin hatsin da zai iya zama iri, ba laifi ba ne, muddin ya ware na shuka kafin ya buɗe rumbu. Inda ake bukatar rufe ruwa shi ne inda irin ya yi ƙaranci, kamar kod ɗin da ke zaune a cikin mashigai duk shekara, wanda ya ragu sosai, kuma saboda shi ake keɓe wani yanki kusa da ƙauyen Henningsvær a lokacin zuba ƙwai.

Yanzu kuma wani sabon canji ya shigo, wanda ya taɓa kalandar kanta. Tekun Barents yana cikin tekunan da suka fi saurin ɗumama a duniya. An daɗe da lura cewa a shekarun sanyi skrei yana gangarawa kudu sosai, a shekarun ɗumi kuma yana tsayawa arewa, kuma a 'yan shekarun nan kamun ya karkata zuwa Vesterålen da Senja da Finnmark, har Vestfjord ɗin da ya yi suna yakan wayi gari da kifi kaɗan. Alamomin duwatsun da kakanni suka bari suna nan, kifin ne ba ya zuwa ƙarƙashinsu kamar da. Masu shanya su ma suna fargabar ɗumi da damshi a watannin da suke bukatar busasshiyar iska mai sanyi. Haihuwar shekaru da dama a jere ba ta yi kyau ba, kuma jimillar kamun da ta kai tan miliyan 1 a 2013 ta sauko zuwa 340,000 a 2025. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa tsarin ya gaza. A ganina shaidar cewa yana aiki ce, domin adadin da ke sauka idan kifi ya ragu shi ne ainihin abin da Kanada ta rasa. In akwai abin zargi, shi ne ko an sauko da saurin da ya kamata. Abin ban sha'awa shi ne, ko bayan da yaƙin Yukiren ya yanke kusan duk wata hulɗa tsakanin Norwe da Rasha a 2022, ƙasashen biyu sun ci gaba da yanke adadin tare, domin kowace ta san kifin yana girma a ruwan ɗaya ya haihu a ruwan ɗaya, kuma in aka shiga rige-rigen kwasa duka biyun za su tashi a tutar babu.

Wannan lissafi yana isowa har kasuwanninmu, domin idan an rage kamu a Barents, kawunan da ake shanyawa domin Najeriya su ma raguwa suke yi, mai miya ta ji a aljihunta. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne hikimar da ke ciki, wadda ba baƙuwa ba ce ga masuntan Hausa. Tafkin da sarkin ruwa ke hana shiga sai ranar su, da Matan Fada ta Argungu da ake bari ta huta kafin ranar gasa, duk a kan fahimta ɗaya suka ginu da alamar fitar safe ta Lofoten: ruwan da kowa ke shiga kullum, da kowane irin kaya, ba ya daɗewa yana ciyar da kowa. Masuncin Lofoten na yau yana da allon da ke nuna masa zurfin kifi, da hasashen iska na kwana da kwanaki, da jirgin da ke fita a ranar da kakansa ba zai kuskura ba. Tambayoyin da kakan ya ƙare rayuwarsa yana neman amsarsu, ina kifin yake, yaushe zai zo, da me za a kama shi, na'ura ta amsa su kusan duka. Tambayar da ta rage ita ce wadda teku ke amsa wa kakan ba tare da ya yi ta ba, wato yaushe za a naɗe raga a koma gida alhali allon yana nuna akwai sauran kifi a ƙasa. Ko skrei zai ci gaba da keto ruwa zuwa gaɓar Norwe kowace fitar hunturu ya dogara ne a kan yadda masunta da hukumominsu za su riƙa amsa ta, shekara bayan shekara, musamman a shekarun da amsar ke da ciwo.